Martani: Kada A Hana 'Ya'yan Garwa Neman Rigar Alƙali

Tun da sakamakon bak, jarrabawar kammala sakandare, ya fito wani rubutu ke yawo a hannun matasan Garwa da Marwa da Ngaundare, har wasu iyaye sun mayar da shi abin karanta wa 'ya'yansu bayan sallar isha'i. Marubucin, wanda zan kira Malam, namu ne, ɗan arewacin Kamaru, mai kaifin alƙalami, kuma duk wanda ya karanta zai gane takaici ne ya sa shi rubutun, ba mugun nufi ba. Shawararsa ga yaron da ya ci bak yana burin zama alƙali ko lauya ita ce ya haƙura tun da wuri. Ya kama kasuwa, ko ya koyi sana'ar hannu, in kuma bokon ya zama dole, to ya nemi aikin jinya ko ilimin noma.

Ga hujjojinsa, ban ƙara gishiri ba, ban rage ba. Ya ce konkur, wato jarrabawar gasa ta shiga ENAM, makarantar Yawunde da ke yaye alƙalai da manyan ma'aikatan gwamnati, rufa ido ne kawai: kafin a raba takardun tambaya an riga an gama rubuta sunayen waɗanda za su ci, don haka yaron da ba shi da uwa a gindin murhu ɓata dararensa yake yi a kan littafi. Ya ce kason guraben da doka ta ware wa arewa ba a cika shi, ɗan abin da aka bayar kuma 'ya'yan manya ne ke lamushewa. Ya ce dokar da ake koyarwa a jami'a ta Faransawa ce, ba ta san aurenmu ba, ba ta san gadonmu ba, alhali muna da lamido da alƙalinsa da malamanmu. Sannan ya rufe da hoton da kowa ya sani: saurayi da digirin shari'a a aljihu yana haya da babur tsakanin babbar kasuwa da Rumde Ajiya.

Ban ce Malam ya yi ƙarya ba. Wanda ya ce bai taɓa jin zancen sayen gurbi a ƙasar nan ba, ko baƙo ne ko yana da abin da yake karewa. Ba don ado gwamnati ta kafa hukumar yaƙi da cin hanci, CONAC, a 2006 ba. Masu digiri a kan babur kuma ba tatsuniya ba ne. Inda muka raba hanya da shi, abin da ya ce a yi ne, domin in aka bi shawararsa duk abin da yake kuka a kai ninkuwa zai yi, kuma da hannunmu.

Malam ya tattara ƙofofi uku ya mai da su ɗaya, ya garƙame, ya ce wa yara babu hanya. Ta farko ita ce tsangayar shari'a da siyasa ta jami'a, kuma wannan ba ta da konkur ko kaɗan. Dosiye ake kaiwa: takardar bak, takardar haihuwa, hotuna da sauran tarkace, sai kuɗin rajista sefa dubu 50 a shekara, kamar yadda yake tun gyaran jami'o'i na 1993. Kafin wannan shekarar jami'a ɗaya tak ke ƙasar, ta Yawunde. Iyayenmu da suka so karatun shari'a sai sun haye dutsen hanyar Ngaundare, su kwana a jirgin ƙasa, su sauka a garin da ba su da kowa. Yau akwai tsangayar a Dang ta Jami'ar Ngaundare, akwai ta Jami'ar Marwa da aka kafa a 2008, ga kuma Jami'ar Garwa ta Janairun 2022, wadda ta gaji reshen shari'a da Ngaundare ta riga ta buɗe a garin. Yaron Hausare ko Fulɓere ko Yalwa zai iya kammala lisans, digirinsa na farko na shekara uku, yana cin tuwon gidansu. Wane minista ake buƙatar sani kafin a shiga nan?

Ta biyu ita ce ENAM. Ita ce mai konkur, ita ce kuma mai ƙunci. Mai son zama alƙali sai ya gama lisans ya ƙara aƙalla shekara guda ta mastar, kada kuma ya wuce shekara 32 da haihuwa, sannan ya zauna jarrabawar rubutu, in ya tsallake ya fuskanci ta baka, in an ɗauke shi ya yi shekara biyu ana horar da shi. A cikin makarantar akwai ma sashen magatakardan kotu da ake nema da bak kaɗai, wanda Malam bai ko ambata ba.

Ta uku lauyanci ne, kuma ba ta bi ta ENAM sam. Dokar 19 ga Disamba 1990 ce ta tsara ta: lisans, jarrabawar shiga koyon aiki, shekara biyu a ofishin wani lauya, sannan jarrabawar fita. In ƙorafi na gaske Malam ke nema, a nan yake, sai dai bai gan shi ba: bayan ta 2014, an shafe kusan shekara 10 ba a sake buɗe jarrabawar shigar ba. Me waɗanda suka ƙuduri aniya suka yi? Ba su koma ɗaki sun rubuta maƙalar yanke ƙauna ba. Da yawansu, musamman daga yankunan masu Ingilishi, sun tsallaka Najeriya ko Ruwanda suka samo rigar lauya a can, suka dawo gida suka kama aiki. Ba hanya ce mai sauƙi ga wanda ya yi karatunsa da Faransanci ba, sai ya zage damtse a Ingilishi da dokar Ingila. Amma tun 2017 an buɗe sashen koyar da wannan dokar a Ngaundare da Marwa, makarantar lauyoyi ta Najeriya kuma tana da reshe a Yola, garin da ruwan Binuwai ke isa bayan ya ratsa ƙarƙashin gadar Garwa. Mutumin Bamenda ya hango hanya daga nesa, mu da muke maƙwabtaka da ita ana ce mana mu zauna.

Mu koma kan kaso, inda Malam ya fi ɗaukar zafi. Tsarin daidaita yankuna tun zamanin Ahmadu Ahijo yake, ɗan Garwa, wanda ya san boko ya iso arewa a makare. Dokar shugaban ƙasa ta 1975, da gyaranta na Satumban 1982, da umarnin ministan ma'aikata na Oktoban wannan shekarar, su suka ba lardin Arewa kashi 30 cikin 100 na guraben konkur ɗin gwamnati, lokacin arewa duka lardi ɗaya ce mai hedikwata a Garwa. Da aka raba lardin uku a 1983, daga baya kason ma ya rabu: 18 ga Arewa Mai Nisa, 7 ga Arewa, 5 ga Adamawa. Dokar firaminista ta 2000 kan tsarin konkur ta ci gaba da riƙe ƙa'idar.

Wannan haƙƙi ne a rubuce. To haƙƙin da ke rubuce, in an tauye shi, yaya ake ƙwato shi? Ba da tsaki a majalisar shayi ba. Ana rubuta wa ministan da ya sa hannu takardar neman ya sake duba hukuncinsa, cikin wa'adin da doka ta yanka. In ya ƙi, ko ya yi gum, a garzaya kotun ƙararrakin gwamnati, a kawo lambar doka da sashe da sakin layi. Wanda ya makara da kwana ɗaya ƙararsa ta mutu, ko da gaskiyarsa ta kai dutsen Tingilin girma. Malam, wa zai rubuta mana wannan takardar? Ɗan kasuwar da ka ce a zama, ko ma'aikacin jinyar? Ko kuwa kullum sai dai mu yi hayar bakin wani daga Duwala, mu biya shi kuɗin jirgi da masauki, mu kuma nemo mai fassara masa abin da ke ci mana rai?

A 2020, da sakamakon ENAM ya fito, ɗan jarida Guibaï Gatama, mai jaridar L'Œil du Sahel, da ƙungiyarsa ta 'yan arewa miliyan 10, sun ƙidaya sunaye suka ce ba a kai kashi 30 ɗin ba. Kafin shekarar ta ƙare ministan cikin gida ya haramta ƙungiyar. Malam zai ce: ka gani ko? Na gani. Na kuma ga cewa abin da ya ba maganarsu nauyi har Yawunde ta kasa yin kunnen uwar shegu da ita shi ne sun tsaya a kan rubutacciyar doka, ba a kan an ce ka ce ba. Kafin nan, a 2015, a IRIC, makarantar koyon diflomasiyya, an fitar da jerin waɗanda suka ci, aka janye shi aka fitar da wani da sunan daidaita yankuna, wasu sunaye suka ɓace. Aka yi ca, shugaban ƙasa ya ba da umarnin a mayar da waɗanda aka cire. Me ya cece su? Sun zauna jarrabawar, sunansu ya fito, akwai abin nunawa. Wanda bai kai dosiye ba, ko gurbinsa aka sace babu mai shaida, shi kansa ba zai taɓa sani ba.

A Amurka an taɓa rufe ƙofar da doka ƙarara, ba da raɗe-raɗi ba. Makarantar lauyoyi ta Jami'ar Maryland ba ta ɗaukar baƙar fata. Thurgood Marshall, ɗan jihar, ya tafi Jami'ar Howard ya gama a 1933, ya dawo ya kai Maryland ƙara a madadin wani ɗalibi, kotu ta tilasta mata buɗe ƙofa a 1936. A 1967 ya zama baƙar fata na farko a kotun ƙolin ƙasar. Da ya sami mai ba shi shawara irin ta Malam, da wataƙila ya yi suna a sayar da kayan miya.

Mu ɗauka, don a zauna lafiya, cewa rabin guraben sayarwa ake yi, ko da yake Malam bai kawo shaida ko ɗaya ba. Sauran rabin fa? Wa muka bar wa? In haziƙanmu suka zauna a gida, ranar da aka tambayi hukuma dalilin rashin cika kason arewa amsarta a shirye take: ba a samu isassun da suka kai maki ba. Mai sayen gurbi kuwa babu addu'ar da yake yi kamar yaron da ya fi shi ƙwaƙwalwa ya fasa zuwa. Rubutun Malam, ba da saninsa ba, goron sallah ne gare shi.

Akwai kuma gaskiyar da ya kamata a faɗa wa yaran, wadda ta fi zancen cin hanci ɗaci. Kason ba da wurin zama ake lissafa shi ba, da asalin iyaye ne. Ɗan arewan da aka haifa a unguwar Bastos, ya yi firamare da sakandare a makarantun kuɗi na Yawunde, yana jin Faransanci tun yana rarrafe, a cikin kashi 7 na yankin Arewa yake, kafaɗa da kafaɗa da yaron Pitowa ko Gidar ko Collire da ya tashi a aji mai cunkoso da ƙarancin malamai. Ba lallai uban ya sayi komai ba. Sau da yawa yaron ya fi namu iya rubutu ne kawai. Wannan giɓin ba a yi masa zanga-zanga, aiki ake yi masa.

Sai zancen da ya fi ba ni mamaki, wai dokar ba tamu ba ce. Gaskiya ne kundin dokar zamantakewa da ake aiki da shi a yankunan masu Faransanci daga na Napoleon na 1804 ya samo asali. Gaskiya ne kuma fadojin lamido, daga Garwa har Rai Buba, suna kashe wutar rigingimu da yawa kafin su isa kotu. Amma yaushe dokar da ba tamu ba ta taɓa yin sallama kafin ta shigo mana gida?

Dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974 ta sa duk ƙasar da ba ta da takarda a ƙarƙashin kulawar gwamnati, ta 1976 kuma ta ce titir fonsiye, wato takardar fili, shi ne shaidar mallaka a hukumance. Gonar da kakanka ya sare, wadda jauro da lawan suka shaida, ranar da wani ya zo da takarda mai hatimi, shaidar jauro ba ta tsayar da katafila. Matar da mijinta ya rasu ya bar kuɗi a banki ko fansho a asusun ma'aikata na CNPS, malami zai raba gadon bisa fara'id daidai wa daida, amma banki ba zai saki ko dala ba sai ya ga hukuncin kotu da ya tabbatar da magada. Kotunan gargajiya ma da dokar Disamban 1969 ta tsara, inda mataimakan alƙali ke bayyana al'adar masu ƙara, ikonsu a kan yardar ɓangarorin biyu ya rataya: wanda ake ƙara in ya ce bai yarda ba tun kafin a shiga cikin maganar, sai a koma kotun zamani. Rigimar manomi da makiyayi, tun dokar 1978, kwamitin da sufurefe, kantoman gunduma, ke shugabanta ne ke duba ta. Yaron da jandarma suka tsare, dokar shari'ar laifuka da ta fara aiki a Janairun 2007 ta ce awa 48 ne, a sabunta sau ɗaya, ƙari a kan haka sai da rubutaccen izinin mai gabatar da ƙara. Iyaye nawa ne a Garwa suka san haka? Nawa ne suka sayar da dabba saboda ba su sani ba? Tun Disamban 2014 dokar yaƙi da ta'addanci ta miƙa irin waɗannan laifuka ga kotun soja ko da farar hula ne ake tuhuma, kuma kowa ya san 'ya'yan wane yanki ne suka fi tsayawa a gabanta lokacin da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari. Mutum yana jin Barbarci ko Mandara ko Fulatanci ko Hausa, ana yanke makomarsa da Faransanci ta bakin tafinta.

Ko ƙasar da mutum zai kira tasa, takarda ce ta yanke. Ranar 10 ga Oktoba 2002 kotun duniya ta Hague ta shata iyakar Kamaru da Najeriya daga Tafkin Cadi har teku, ciki har da Darak. Yarjejeniyoyin da Turawan Ingila da na Faransa suka sa wa hannu a 1919 da 1931 aka buɗe a ɓangaren tafkin, wakilin Kamaru a gaban kotun kuwa ministan shari'a ne na lokacin, Amadu Ali, ɗan Kolofata. Masuntan Darak ba wanda ya tambaye su ko dokar tasu ce.

Abin haushin ma shi ne mu za a ce wa shari'a baƙuwa ce. Ƙasar Modibbo Adama, inda alƙalai ke hukunci da littattafan fiƙihu na Risala da Muhtasar da Tuhfa tun kafin Jamusawa su ci Garwa a 1901! Yaron da ya durƙusa gaban malami ya koyi rabon gado, ya san sharaɗi da rukuni da abin da ke ɓata ciniki, ya riga ya mallaki ƙashin bayan abin da jami'a ke koyarwa wajen warware matsalar shari'a: ga abin da ya faru, ga ƙa'ida, ga yadda ta hau kansa, ga hukunci. Harshe ne ya rage masa. Maƙwabtanmu na Najeriya sun gane haka tuntuni. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, yau kuma tsangayoyin shari'a na Zariya da Kano suna koyar da fiƙihu da dokar Ingila a ƙarƙashin rufi ɗaya. 'Yan'uwanmu masu Ingilishi su ma sun ce dokar Faransa ba tasu ba ce, amma ba su hana 'ya'yansu karatu ba. Lauyoyinsu ne suka ajiye aiki a Oktoban 2016 suka jera buƙatunsu ɗaya bayan ɗaya, a 2017 aka buɗe sashen dokar Ingila a ENAM da kotun ƙoli. Jinin da ya biyo baya babu mai fatan irinsa, Allah ya kawo ƙarshensa, kuma ba shi nake nuni da shi ba. Abin lura shi ne al'ummar da ke da lauyoyi tana iya faɗin damuwarta da yaren da hukuma ke ji.

Zancen babur ba zan daɗe a kansa ba. Akwai mai digirin tattalin arziki a kan babur, akwai na tarihi, akwai na noman da Malam ke tallata mana. Rashin aiki ciwon ƙasa ne, bai zaɓi tsangaya ba. Kuma ba kotu kaɗai ke cin masanin doka ba: akwai kamfanin auduga SODECOTON, da bankuna, da kamfanonin inshora, da ofisoshin magadan gari, da majalisun yankuna da aka zaɓa karon farko a Disamban 2020. Dokokin kasuwanci na OHADA, yarjejeniyar 1993 da ta haɗa ƙasashe 17, sun sa abin da yaro ya koya a Garwa kan kamfani da bashi da jingina shi ke aiki a Njamena da Yamai da Bangi. Najeriya ba ta ciki, wannan kuwa kasuwa ce buɗaɗɗiya, domin fataken da ke kai-komo tsakanin Garwa da Yola da Mubi a tsakanin dokoki biyu suke tafiya. Ɗan kasuwar ma da Malam ke so a zama, ranar da ma'aikatar haraji ta rufe masa shago ko kwastan suka riƙe masa kaya, wa yake nema?

Da Malam ya tambaye ni abin da ke kayar da yaranmu, da na ba shi amsar da babu minista a cikinta. Wasu tun a dosiye suke faɗuwa. Dubban yara a yankunanmu uku suna kaiwa ajin ƙarshe na firamare ba su da takardar haihuwa, sai an bi ta kotu an yi musu hukuncin da zai maye gurbinta. Wanda ya samu kuma, sai ka tarar Mohamadou ne a takardar haihuwa, Mouhamadou a ta bak, wani abu daban a katin ɗan ƙasa, harafi ɗaya ya hana shi zama jarrabawar da ya yi shekara yana shiri. Takardar shaidar rashin laifi kada ta wuce wata uku, kuma a kotun garin da aka haifi mutum ake neman ta, don haka haifaffen Kusiri da ke zaune a Garwa ya fara lissafin hanya tun da wuri. Yaron da aka makara sa shi makaranta, ya maimaita aji biyu, ya yi jinkiri a lisans, ya ƙirga shekarunsa da kyau, domin 32 ba ta da nisa yadda ake zato.

Sai rubutu, wanda nan ne gizo ke saƙar. Karatun shari'a irin na Faransa yana da ƙa'idar da ba a tsallakewa: gabatarwa mai fito da tambayar da ke cikin tambaya, sannan kashi biyu, kowane kashi da rassa biyu, kowanne da kan maganarsa. Mai gyara takarda tsarin yake fara dubawa. Wanda ya juye haddar darasi babu tsari, ko ya cika shafi goma wahalar banza ya yi. Mu kuwa Allah ya hore mana hadda, har ta zame mana tarko, muna zaton wanda ya haddace ya iya. Maƙala, da sharhin hukuncin kotu, da warware matsala, ba a koyonsu da karantawa. Sai an zauna da agogo, sa'o'i uku ko huɗu, an rubuta, wani ya gyara da jan biro, an sake. Wannan daga shekarar farko ta lisans ake fara shi, ba wata biyu kafin konkur ba. Takardar sanin duniya ma haka: wanda ba ya karanta jarida, bai taɓa buɗe kundin tsarin mulkin 18 ga Janairu 1996 ba, bai san abin da ke faruwa a Cadi ko Abuja ba, da me zai cika ta? Ingilishi kuma ba ado ba ne, ɗaya ne daga harsunan hukuma biyu, kuma ana tambayarsa.

A jarrabawar baka kuwa tarbiyyarmu ce ke cin mu. An koya mana sunkuyar da kai gaban babba, da sassauta murya, da rashin musu. A gida wannan ladabi ne, kuma ban ce a yar da shi ba. A gaban masu jarrabawa, waɗanda ke neman wanda gobe zai kalli mai iko ya ce masa doka ba ta yarda ba, sai a ɗauke shi rashin sani. Maganinsa gwaji: abokai huɗu ko biyar, ɗaya ya tsaya sauran su yi masa ruwan tambayoyi, har kunyar ta san wurin zamanta.

Duk wannan ana yin sa ne a garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, wuta kuma na ɗaukewa in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya. Ban raina wahalar ba. Shi ya sa nake ganin fushin Malam ya ɓata hanya. Garwa na da kotun ɗaukaka ƙara, da alƙalai, da lauyoyi, da malaman jami'a. Asabar ɗaya a wata da za su ba ɗalibai suna gyara musu takarda za ta yi abin da maƙala ɗari ba su yi ba. Attajiranmu da ke zubar da miliyoyi a bikin kwana uku, kuɗin mota da jirgi da masaukin ɗan takara ɗaya a Yawunde bai kai na anko ba. Kuma a duk tsawon rubutunsa Malam bai ambaci 'yan mata ko sau ɗaya ba, alhali kundin laifuka na 2016 ya hukunta auren dole, kuma akwai abin da mace za ta faɗa wa lauya mace da Fulatanci ko Hausa wanda har abada ba za ta faɗa wa namiji ta bakin tafinta ba.

Matsayina ba ɓoyayye ba ne. Duk yaro ko yarinyar arewa da ke da sha'awa da ƙwaƙwalwa ya shiga tsangayar shari'a, ya yi shiri kamar babu kaso, ya zauna konkur, in ya faɗi ya sake, ya kuma riƙe ƙofar lauyanci da ta kamfanoni a hannu ɗaya. In Malam yana son rubuta abin da zai hana masu sayar da gurbi barci, ya nemi a riƙa liƙa makin kowane ɗan takara tare da yankinsa, a riƙa bayyana yawan waɗanda suka nema daga kowane yanki da yawan waɗanda aka ɗauka, a kuma sa wa jarrabawar lauyoyi lokaci tsayayye da ba ya jiran ganin damar kowa. Zan sa hannu a ƙasan nasa, amma sai mun fara kai ta wurin wani lauyan Garwa ya duba mana ita.